Tarihin Jirgin Kamun Kifi na Alminiyam

Jirgin kamun kifi na alminiyam ya samo asali ne daga faɗuwar farashin wannan ƙarfe a ƙarshen ƙarni na 19. Kafin lokacin, alminiyam kayan masu hannu da shuni ne, har sai a 1886 da Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa suka gano, kowa a nasa ɓangaren, hanyar tace shi da wutar lantarki. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, don haka maƙera jiragen ruwa suka yi masa caa.

Kamfanin Escher Wyss na birnin Zurich ne ya fara ƙera ƙaramin jirgin alminiyam a 1891. Amma jiragen farko da aka kai teku ba su yi ƙarko ba. A 1895 Nathanael Herreshoff ya ƙera jirgin tsere mai suna Defender, samansa alminiyam, ƙasansa tagulla. Ruwan gishiri yana sa alminiyam ya zaizaye idan ya haɗu da tagulla, shi ya sa jirgin ya lalace aka wargaza shi a 1901. Ba a shawo kan matsalar lalacewar alminiyam a teku ba sai da aka koma gauraya alminiyam da magnesiyam.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya buɗe kasuwar. Masana'antun jiragen sama sun horar da dubban ma'aikata wajen lanƙwasa fallen alminiyam da ɗinke shi da ƙusoshi, da yaƙi ya ƙare kuma aka nema wa wannan gwaninta wani aikin. Kamfanin jiragen sama na Grumman ya shiga ƙera kwale-kwale, aka kafa Alumacraft a Minneapolis a 1946, Howard Lund kuma ya fara nasa a 1948 a garin New York Mills na jihar Minnesota mai yawan tafkuna. A Ostareliya ma an kafa Quintrex a 1945. Abin da ya ja hankalin masunta shi ne jirgin ba ya ruɓewa kamar katako, mutum biyu suna iya ɗaga ƙaraminsa, ƙaramin inji kuma ya ishe shi. Daga baya walda ta inganta, aka samu damar haɗa falle mai kauri wanda ke jure dukan igiyar ruwa.

Da aka gama da batun ƙarfen, sai hankali ya koma kan siffar ƙasan jirgi, domin ita ce ke nuna ruwan da ya dace da shi. Mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ya gaji fasalinsa ne daga jiragen katako na kogunan Ozark a jihohin Missouri da Arkansas. Yana ratsa ruwa marar zurfi, ba ya tangaɗi idan masunci ya miƙe tsaye don jefa ƙugiya, amma da iska ta taso sai ya riƙa dukan ruwa da ƙirji yana jijjiga na ciki. Mai ƙasa mai tsini kamar harafin V ya yi fice ne bayan C. Raymond Hunt ya zana shi, jirgin Moppie mai wannan fasali kuma ya lashe tseren Miami zuwa Nassau a 1960 cikin teku mai hauka. Tsinin yana tsaga igiyar ruwa, sai dai jirgin yana buƙatar zurfi da injin da ya fi ƙarfi, yana kuma rangaji idan an tsaya. Tsakanin biyun akwai mai tsini a gaba da faɗi a baya, don tafkunan da ke wayewa lafiya su rikice da yamma.

Wannan rabe-raben har yau shi ake bi wajen zaɓe. Masunci yana duba ruwan da ya fi shiga da yadda yake zama a rana mafi muni, sannan kaurin falle da tsayin gefen jirgin. Mai shiga teku kuma yana neman gaurayen da ke jure gishiri, irin su lamba 5083 da 5086.