Makami Mai Linzami

Linzami kayan doki ne, ƙarfen da ake sa masa a baki domin mahayi ya juya shi inda yake so. Daga Larabci muka aro shi: lijam. Duk wanda ya fara laƙaba wa makami wannan suna ya iya Hausa, domin kibiya in ta bar baka sai yadda iska ta yi da ita, shi kuwa na'urar cikinsa ce ke riƙe da akalarsa.

Amma a kan masu tsallaka nahiyoyi, irin R-7 da Tarayyar Sobiyet ta harba a Agustan 1957, sunan ya ɗan yi zuƙi. 'Yan mintunan farko kawai linzamin ke aiki. Da injin ya mutu, sauran dubban kilomitocin jifan dutse ne.