Tseren Repack da Asalin Keken Dutse

Sau da yawa sunan da mutane suka raɗa wa wuri yakan adana tarihin abin da ya faru a wurin. Haka abin yake ga Repack, sunan wata gangara da ke kusa da garin Fairfax, a gundumar Marin, arewa da birnin San Firansisko a jihar Kalifoniya ta Amurka. A Turance ma'anar kalmar ita ce a sake ɗura abu a mazubinsa, abin da ake ɗurawa a nan kuwa giris ne. A kan wannan gangara aka yi tseren da ya haifar da keken dutse, watau keken da aka ƙera domin tsaunuka da hanyoyin daji.

Akwala da Gangara

A farkon shekarun 1970 wasu samarin Marin suka shiga sha'awar sauko da keke daga tsaunin Tamalpais da tsaunukan da ke kewaye da shi. Kekunan tseren kwalta na wancan zamani siraran tayoyi gare su, ba sa jure wa dutse da rami. Sai samarin suka koma ga kekunan kamfanin Schwinn na shekarun 1930 da 1940, masu nauyi da faɗin taya, waɗanda jama'a suka riga suka yasar, suna saye da araha suna gyarawa. Sunan da suka ba su shi ne klunker, watau akwala. Da ma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Birkin waɗannan kekuna yana cikin cibiyar ƙafar baya ne, mahayi yakan mai da feda baya ya taka. A doguwar gangara birkin kan yi zafi har giris ɗin ciki ya ƙone ya tashi hayaƙi, sai an kwance cibiyar an sake ɗura wani. Daga nan sunan ya samo asali.

Ran 21 ga Oktoba, 1976, aka yi tsere na farko, Charlie Kelly yana cikin waɗanda suka shirya shi, Alan Bonds kuma ya zo na ɗaya. Tsawon hanyar kimanin mil 2 ne, amma tana sauka ƙafa 1,300. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin mahaya, agogo ke raba gardama. An yi tseren sau 24 tsakanin 1976 da 1984. Joe Breeze ya ci 10 daga ciki, Gary Fisher kuwa shi ya fi kowa sauri, da minti 4 da daƙiƙa 22. Wende Cragg ta yi tseren tare da maza, ita ce kuma ta ɗauki yawancin hotunan da ake tunawa da zamanin da su.

Dutse Alƙali

Muhimmancin Repack shi ne yadda gangarar ta zama alƙali a kan kowane ɓangare na keke. Abin da ba shi da ƙwari sai ya lanƙwashe ko ya karye, mahayin da kansa zai nemi mafita. Ta haka aka ɗauko hannun birkin babur aka ɗora wa keke, aka kuma sa masa giya mai yawa domin ya iya hawa tudu. Da tsofaffin gangar jikin suka ci gaba da tsagewa, sai Joe Breeze ya ƙera sabuwa a 1977, da bututun ƙarfen da aka gauraya da kuromiyum da molibdinum, wanda ya fi ƙarfen Schwinn ƙwari da rashin nauyi. Ya ci tseren Repack da ita a wannan shekarar, ita ce kuma akasari ake ɗauka farkon keken dutse na zamani.

A 1979 Fisher da Kelly suka kafa kamfanin MountainBikes, Tom Ritchey yana ƙera musu gangar jiki. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda aka ƙera da yawa a Japan. Daga lokacin abin ya tashi daga wasan abokai ya zama kasuwa.

Kowane Allazi da Nasa Amanu

Bayan wannan sai gasa ta koma kan abin da za a ƙera keken da shi. Alminiyum nauyinsa kusan sulusin na ƙarfe ne, amma taurinsa ma kusan sulusi ne, saboda haka tilas a faɗaɗa bututunsa don kada ya riƙa lanƙwasa. Charlie Cunningham, shi ma mutumin Marin, ya fara ƙera irin wannan a ƙarshen shekarun 1970, mutane da yawa suna shakka. Jacquie Phelan ta kawar da shakkar sa'ad da ta ci gasar ƙasar Amurka sau uku a jere, daga 1983 zuwa 1985, a kan keken da ya ƙera. Titaniyum ba ya tsatsa, amma yana da tsada da wuyar walda. Zaren kabon, wanda ake jerawa a ɗaure da danƙo a gasa, ya fi su duka rashin nauyi, ana kuma iya siffanta shi yadda aka so; aibinsa shi ne yana iya tsagewa a ciki ido bai gani ba, in zai karye kuma ba ya lanƙwasa tukuna ya yi gargaɗi kamar ƙarfe.

A 1989 Paul Turner ya fito da RockShox, na'urar da ke shanye jijjigar ƙafar gaba. Da ita Greg Herbold ya ci tseren gangara a gasar duniya ta farko da hukumar kekuna ta duniya ta shirya a Durango, jihar Kolorado, a 1990. A 1996 keken dutse ya shiga wasannin Olamfik a Atlanta, amma tseren ƙetare daji kaɗai aka karɓa, ban da na gangara wanda shi ne tushen wasan. Duk da haka tseren gangara ya bazu a duniya, har Greg Minnaar na Afirka ta Kudu ya zama gwarzon duniya sau huɗu, ciki har da na 2013 da aka yi a garinsu, Pietermaritzburg.

Kammalawa

Babu shakka an sami riba: birkin yanzu ba ya ƙonewa irin na da, mahaya kuma suna sauko da gangaren da mutanen Repack ba su taɓa tunkara ba. Amma an yi hasarar wani abu. Mahayin 1976 shi ne makanikin kansa, da hannunsa yake kwance cibiya ya ɗura giris, in ƙarfe ya tsage kowane mai walda zai ɗinke masa. Keken gangara na yau kuɗinsa dubban daloli ne, sau da yawa mota ko keken igiya ke kai shi bisa dutse, in kabon ya tsage kuma sai gwani na musamman, ko a jefar. Abin da matasa marasa kuɗi suka tsiro da shi daga tarkace ya fi ƙarfin aljihun irinsu.

Keken farko da Breeze ya ƙera yana hannun gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washington. A Fairfax kuwa an buɗe gidan tarihin kekuna a 2015, inda aka jera akwalolin da suka yi tseren, ba nisa da gangarar da har yanzu ake kira Repack.