Dokin mai baki ya fi gudu: sukuwar Epsom ta 1913 da abin da ya biyo bayanta

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin sukuwa a Urafan, ko Tasawa, ko Mayahi, ran hawan salla ko bayan an gama ɗaurin hatsi, ya san gudun dawaki ba ya ɗaukar lokaci. Gardamar da ke biyo baya ita ce mai tsawo. Kafin ƙura ta kwanta za ka ji wannan yana cewa kili ne ya riga, wancan yana rantsuwa akawal ne, wani kuma ya ce ai an tare wa dokinsu hanya tun daga kwana. Dattawa su sa baki, a ba wani haƙuri, a watse, amma maganar ta ci gaba da yawo a kasuwanni har wata sallar ta zagayo. Hausawa ba su faɗi banza ba da suka ce dokin mai baki ya fi gudu.

Da yawanmu muna zaton wannan halin karkara ne, inda akwai doka a rubuce da alƙalai na musamman ba a yin irinsa. Tarihin sukuwa a ƙasashen Turai bai goyi bayan wannan zato ba. Tun da yake ƙungiyoyinmu na al'adu suna sa hannu wajen shirya sukuwa, har a sa kyautar kuɗi ko babur, na ga ya kamata mu waiwayi wata rigima da ta haura shekara ɗari ba ta mutu ba.

Sukuwar da ake kira Derby, wadda ake yi a filin Epsom kusa da Landan, an fara ta tun 1780, kuma tsawonta wajen mita 2400 ne. A Ingila babu wadda ta kai ta daraja. Ranar 4 ga Yuni 1913 dawaki 15 suka fito, sarki George na biyar yana cikin ƴan kallo. Dokin da kowa ya sa wa ido shi ne Craganour, na wani attajiri mai suna Charles Bower Ismay, kuma wani Ba'amurke, Johnny Reiff, shi ne mahayinsa. Akwai kuma wani doki da ba wanda ya kula da shi, sunansa Aboyeur. Ɗalibaina na ajin Faransanci za su gane ma'anar sunan: mai haushi. Masu caca sun raina shi har ta kai wanda ya zuba fam 1 a kansa zai kwashi fam 100 in ya ci.

Abin da duniya ta fi tunawa da shi game da wannan rana ba shi ne batunmu ba, amma ba a tsallake shi. Daidai kwanar da ake kira Tattenham, wata mace mai fafitikar neman wa mata ƴancin jefa ƙuri'a, Emily Wilding Davison, ta ratso ƙarƙashin shinge ta shiga fili, dokin sarki mai suna Anmer ya banke ta. Ta rasu bayan kwana huɗu. Matan Ingila ba su sami ƙuri'a ba sai 1918, shi ma waɗanda suka kai shekara 30 kaɗai.

Dawakin da ke gaba ba su ma san abin da ya faru a bayansu ba. Da aka miƙo hanyar ƙarshe, Aboyeur ne ke ja, Craganour ya cim masa, suka yi ta gogayya kafaɗa da kafaɗa, wannan ya tura wancan, wancan ya rama, har suka matse wasu dawakin da ke neman kutsowa ta gefen shinge, cikinsu akwai Shogun da Day Comet. Craganour ya riga da tsawon kai ɗaya. Aka ɗaga lambarsa, aka jawo shi wurin da ake tsai da wanda ya ci, jama'a na sowa.

Mai Aboyeur bai kai ƙara ba. Mahayinsa, Edwin Piper, shi ma bai kai ba. Alƙalan fili su da kansu suka ta da maganar, kuma a nan ne ƙullin yake. Su uku ne: Lord Rosebery, wanda ya taɓa zama firaministan Ingila, da Lord Wolverton, da Manjo Eustace Loder, mashahurin mai dawaki wanda dokinsa Spearmint ya ci wannan sukuwa a 1906. Loder ne ya fi ƙarfin murya a cikin lamarin. Bayan sun saurari mahaya, suka yanke cewa Craganour bai bi hanyarsa miƙe ba, ya tare wasu, ya bangaji na biyu. Aka ƙwace nasarar, aka mai da shi na ƙarshe, aka ba mai haushi.

Ƴan kallo da dama sun tsaya a kan cewa Aboyeur ne ya fara karkacewa, in kuwa haka ne, to, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Me ya sa aka hukunta ɗaya aka saka wa ɗaya? Nan da nan mutane suka nemo amsa a wajen fili. Sunan Ismay a lokacin suna ne mai nauyin ɗauka. Yayan mai dokin, Bruce Ismay, shi ne shugaban kamfanin da ya mallaki jirgin ruwan Titanic, wanda ya nutse cikin Afrilun 1912 da rayuka kimanin 1500, shi kuwa ya tsira cikin kwalekwalen ceto. Aka yi ta raɗe-raɗin cewa manyan ƙasa ba su so a ga wani Ismay ya ɗaga kofi a gaban sarki wata goma sha huɗu bayan wannan masifa. Wasu kuma suka ce akwai jiƙaƙƙiya ta gida tsakanin Loder da Ismay. Marubutan tarihin sukuwa har yau suna ja-in-ja a kan haka. Ni dai a ganina ba sai an tono zuciyar Loder ba kafin a gane illar da ke cikin shari'ar: mutum ɗaya ya zama mai ƙara, ya kuma zauna kujerar alƙali. Ko da hukuncinsa daidai ne, ya riga ya ba masu baki abin faɗi.

Ga wani abin da ya ƙara wa wutar itace. Ƴan makonni kafin nan, a sukuwar 2000 Guineas da ake yi a Newmarket, jama'a da yawa sun ga Craganour ne ya riga, amma alƙalin layi ya ba Louvois. A Epsom ɗin ma, hotunan da aka ɗauka sun nuna Day Comet yana cikin na gaba-gaba, alƙalin layi bai ko lissafa shi ba, don sauran dawaki sun kare masa shi. Idon mutum ɗaya ne ke raba gardama a zamanin, kamar yadda yake a filayenmu. Na'urar ɗaukar hoton isowa ba ta shigo sukuwar Ingila ba sai 1947, kuma a 1949 ne ta fara raba gardamar Derby.

Ismay ya nemi a sake duba hukuncin, bai yi nasara ba. Ya sayar da Craganour ga wani makiyayin Ajantina, Martínez de Hoz, a kan fam 30.000, bisa sharaɗin ba za a ƙara sa shi sukuwa ba, can ya zama ingarman barbara mai suna. A tuna fa, wannan ita ce shekarar da damina ta ƙi a ƙasarmu, yunwar da kakanninmu suka sa wa suna Kakalaba ta kunno kai. Aboyeur kuwa aka sayar da shi Rasha, labarinsa ya ɓace cikin hargitsin juyin juya halin 1917.

Mai karatu zai ce ai yanzu an huta, tun da akwai na'ura ta kowace kusurwa. To, mu tsallaka Amurka. Ranar 4 ga Mayu 2019 aka yi sukuwar Kentucky Derby karo na 145 a birnin Louisville, gaban mutane fiye da 150.000, fili ya jiƙe sharkaf da ruwan sama. Doki mai suna Maximum Security shi ya ja gaba tun farko, ya kuma riga kowa da tazarar da ba a musunta. Sai dai a kwanar ƙarshe ya bar layinsa ya fantsama waje, ya shiga gaban War of Will har ƙafafunsu suka kusa sarƙewa, abin ya shafi Long Range Toddy da Bodexpress. Mahaya biyu suka kai ƙara, ɗayansu Bafaranshe ne, Flavien Prat, mahayin Country House da ya zo na biyu. Alƙalai uku, ƙarƙashin jagorancin Barbara Borden, suka yi minti 22 suna maimaita fim ɗin, sa'an nan bakinsu ya zo ɗaya: aka mai da Maximum Security na 17, aka ba Country House, wanda masu caca suka sa wa 65 a kan 1. Tun da aka fara wannan sukuwa a 1875, ba a taɓa sauke wanda ya zo na farko saboda laifin cikin fili ba sai ranar. A 1968 an ƙwace wa Dancer's Image, amma shi magani aka samu a fitsarinsa.

Kowa ya ga fim ɗin, duk da haka gardama ba ta ragu da ko ƙwayar gero ba. Har shugaban ƙasar na lokacin, Donald Trump, ya soki hukuncin. Masu dokin, Gary da Mary West, suka garzaya kotun tarayya, aka kori ƙarar a ƙarshen 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da korar a 2020, domin dokar jihar Kentucky ta ce abin da alƙalan fili suka gani shi ke nan. Abin da ya fi yi wa mutane ciwo shi ne Country House kansa ba a tare shi ba, ko kuwa abin da ya same shi bai taka kara ya karya ba. Ya ci gadon laifin da aka yi wa wasu.

A nan ne malami zai so ya tsaya da ɗalibansa, don dokokin sukuwa a duniya sun rabu gida biyu. A Amurka ana tambaya: shin wanda aka tare ya rasa matsayin da zai samu? In haka ne, a mai da mai laifi bayansa, ko da na goma sha ne. A Ingila tambayar daban ce: da ba a tare shi ba, zai riga mai laifin? In a'a, a bar sakamako yadda yake, a hukunta mahayi shi kaɗai. Masana da yawa sun ce da a Ingila aka yi wannan sukuwa, da Maximum Security ya riƙe nasararsa. Doka ta farko tana kare ran mahaya da haƙƙin kowane doki, ta biyu tana kare dokin da ya fi gudu. Na'ura tana nuna abin da ya faru, amma ba ta zaɓa wa mutane wace tambaya za su yi. Faransa ta daɗe tana bin hanya mai kama da ta Amurka. Da ita aka ƙwace wa Sagace, dokin Faransa, babbar sukuwar Arc de Triomphe ta 1985 a Longchamp, aka ba Rainbow Quest da ya zo daga Ingila. Sai a 2018 ta koma hanyar Ingila. Masu tsayawa bakin rumfunan PMU na LONANI a Maraɗi da Tasawa, suna jiran a ce «arrivée officielle» bayan an sanar da «enquête», wannan canji ya taɓa aljihunsu ko sun sani ko ba su sani ba.

In aka auna shari'un biyu, ta 2019 ta fi ta 1913 tsabta nesa ba kusa ba: ƙara daga mahaya ta fito, dokar tana rubuce tun kafin a saki dawaki, alƙalan ba su da doki a fili. Inda suka gaza shi ne bayan hukunci, da Borden ta karanta gajeren bayani ta tashi ba ta amsa tambayar ƴan jarida ko ɗaya ba. Dattijon Urafan da zai zauna ƙarƙashin gawo ya saurari ɓangarorin biyu har rana ta faɗi ya fi su sanin cewa wanda aka kayar yana bukatar a ji bakinsa. Abin da dattijon ya rasa kuma shi ne sharaɗin da aka faɗa a bainar jama'a kafin a hau: ina layin isowa, wa zai tsaya a kansa, mene ne hukuncin wanda ya tare hanya, kuma alƙali ba ɗan'uwan mai doki ba ne.

Labarin Maximum Security bai ƙare a Louisville ba. Ranar 29 ga Fabrairu 2020 ya ci Kofin Saudiyya na farko a Riyad, sukuwar da aka sa wa kyautar dala miliyan 20, rabi na wanda ya zo na ɗaya. Bayan ƴan kwanaki hukumomin Amurka suka gurfanar da mai horar da shi, Jason Servis, bisa laifin ɗura wa dawaki magungunan da aka hana, Saudiyya ta riƙe kuɗin. A 2023 aka yanke wa Servis ɗaurin shekara huɗu. A 2024, fiye da shekara huɗu bayan an sauke sirdi, aka soke nasarar, aka ba goɗiyar da ta zo ta biyu, Midnight Bisou.