Kowalski

Kowalski (suna, namiji, mace: Kowalska, jam'i: Kowalscy). Sunan dangi ne na ƙasar Polan.

Lafazi: ko-VAL-ski. Harafin w a harshen Polan ba ya fita kamar na "wuta". Ana ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ne, a saki iska tare da murya. Nauyin murya yana sauka a kan gaɓar tsakiya, domin a wannan harshe gaɓar da ke kafin ta ƙarshe ita ake dannawa.

Ma'ana: na maƙeri, ko ɗan gidan maƙera.

Asali: daga kowal, wato maƙeri, da ɗafin -ski mai nuna dangantaka. Wasu iyalai sun samo shi daga sana'ar kakansu ta ƙira, wasu kuma daga garuruwa masu suna Kowal ko Kowale. A da, masu sarauta da mallakar ƙasa aka fi sani da wannan ɗafi, daga baya talakawa suka ɗauka. Tun da kusan kowane ƙauye yana bukatar mai ƙera garma da takalmin doki, sunan ya bazu ƙwarai.

Amfani: shi ne na biyu a yawa a Polan, bayan Nowak. Idan aka ce "Jan Kowalski", ana nufin talaka gama-gari, kamar yadda muke cewa wane.

Dangoginsa: Kowalczyk, Kowalewski, Kovalenko a Yukren, Kovács a Hungari.

Sananniya: Faustyna Kowalska (1905–1938), wadda cocin Katolika ya ayyana waliyya a shekarar 2000.

Mai rubutu ya kula: mace Kowalska ake kiranta a Polan.