Tarihin Ƙungiyar Kiɗa ta New Note

New Note ƙungiyar jinƙai ce a Biraiton, kudancin Ingila, wadda ke tara masu farfaɗowa daga shaye-shaye su yi kiɗa tare. Tushenta wani shirin talabijin ne da tashar Channel 4 ta nuna a 2014. Mawallafin kiɗa James McConnel, wanda hodar heroin ta yi ajalin ɗansa matashi a 2011, shi ya jagoranci mutum goma da suka bar ƙwaya ko giya, har suka hau dandamali tare da ƙwararrun makaɗan London Symphony Orchestra.

Bayan an gama ɗaukar shirin, Molly Mathieson, wadda ta shirya shi, ta ga bai kamata a tsaya nan ba. A 2015 ta kafa ƙungiyar.

Ba a neman gwaninta kafin shiga. Ana haɗuwa mako-mako, wannan da jita, wancan da ganga, kowa ya kasa kunne ga na kusa da shi, a ƙirƙiri sabon kiɗa tare. Wannan dabara tana da hikima, domin kaɗaici da zaman banza ne ke yawan mayar da mai farfaɗowa gidan jiya. Daga baya aka buɗe reshen masu jita da na rawa.