Bindigar Gras da Labarin da Ba a Rubuta a Jikinta Ba

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutane masu tara tsofaffin bindigogin soja, kamar yadda waɗansu ke tara tsofaffin kuɗi. Cikin waɗanda suke nema har da wata bindigar Faransa mai suna Gras. Labarinta ya shafi Afirka ƙwarai, saboda haka ya kamata a san shi.

Wani hafsa mai suna Basile Gras ne ya tsara ta, sojan Faransa kuma suka karɓe ta a shekara ta 1874. Kafin ita suna riƙe da Chassepot ta 1866, wadda harsashinta na takarda ne, ga shi ba ya shiri da laima. Gras ta zo da harsashi mai kwanson tagulla, faɗin bakinta milimita 11. Harsashi ɗaya take ci. Soja ya ja sakata, ya sa harsashi ta baya, ya rufe, ya harba, sa'an nan ya sāke. Duk da haka ta yi wa adaka nisa, gama mai adaka sai ya ɗura albarushi ta baki, ya daddanna, kafin ya yi harbi ɗaya.

Zamaninta a Turai bai daɗe ba. A 1886 Faransa ta fito da Lebel, mai cin harsashi 8 da albarushi marar hayaƙi. Tsofaffin Gras suka yi yawa a rumbu, sai aka bi da su ƙasashen mulkin mallaka, aka ba sojoji baƙar fata da masu gadi. 'Yan kasuwa kuma suka sayar da waɗansu. Sarki Menelik na Habasha ya sami da yawa, suna cikin makaman da mayaƙansa suka ci Italiya da su a Adwa a 1896. Maƙeran Samori Ture har sun koyi ƙera irinta da hannu. Turawa sun ga haɗarin wannan ciniki, shi ya sa a 1890 suka ƙulla yarjejeniya a Burusel don hana sayar da bindigogin zamani a yawancin Afirka.

A ƙasar Hausa, shekara ta 1899 ce ta nuna abin da bindiga mai ɗuri ta baya take iyawa. A shekarar nan rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya, ta kuma hallaka mutane masu ɗimbin yawa a Birnin Ƙwanni. A Tirmini aka karya mayaƙan Damagaram. Jaruntakar masu kibiya da mashi ba ta kai su kusa da mai harbi daga nesa ba.

Yau mai tara bindigogi yakan duba sunan maƙerar da aka buga a jikin ƙarfe, ko Saint-Étienne, ko Châtellerault, ko Tulle. Yakan duba shekarar ƙira, ya ga ko lambar sakata ta yi daidai da ta bututu da ta banati. In an yanke ta, ko an mai da ita bindigar farauta, kuɗinta ya faɗi. Amma ƙarfen bai faɗi sunan sojan da ya ɗauke ta ba, balle na wanda ta kashe.

Wannan sashe na labarin yana bakin tsofaffi ne kaɗai, tsofaffin kuwa suna ƙarewa. Gidan da ya gāji irin wannan bindiga kada ya gwada harba ta, gama tsatsa ta ci ƙarfen. Kada kuma ya yi gaggawar sayar wa dillali. Gara a zaunar da dattijon da ya san yadda ta shigo gidan, a rubuta abin da ya faɗa, a kai ta tare da takardar gidan tarihi, kamar na Bubu Hama a Yamai, inda 'yan makaranta za su gan ta su kuma karanta.