Dutse Mai Tafasa a Cikin Kumbo

A shekarar 1756 wani masanin ma'adinai ɗan Suwidin, Axel Cronstedt, ya gasa wani dutse, sai ya ga tururi na fita daga cikinsa. Ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, ta tafasa da ta dutse, ya raɗa masa suna ziyolait. Ba tafasa dutsen ke yi ba; ruwan da ya maƙale a 'yan ramukansa ne ke fita idan ya ji wuta.

Wannan hali nasa ne ya kai shi Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa. A can babu tagar da za a buɗe. Gumi da numfashi suna cika ɗaki da laima, iskar kabon dayoksaid kuma, tunda babu nauyi, sai ta taru a fuskar mai barci in ba fanka, ya tashi da ciwon kai.

A da, kumbunan Apollo da sinadarin litiyom haidiroksaid suke tace kabon ɗin. Shi ma litiyom daga kalmar dutse ya samo suna, sai dai idan gwangwaninsa ya ƙoshi, ya gama aiki. Ziyolait kuwa, wanda ake haɗawa a masana'anta, a gasa shi ya amayar da abin da ya sha, ya koma bakin aiki.

A tashar, Amurkawa suna kiran na'urarsu mai ziyolait CDRA, wato mai cire kabon dayoksaid. A ganina sunan ya rage rabin labari, don bai ambaci ruwa ba. Ziyolait ya fi ƙaunar ruwa a kan kabon. Idan iska ta zo masa da danshi, ruwa zai cike ramukan, kabon ya wuce abinsa. Shi ya sa ake fara busar da iskar a wani sashe, sannan a miƙa masa. In ya cika sai a dumama shi, a buɗe masa hanya zuwa sarari. Ruwan da aka tsame kuwa ba a zubar da shi: ana mai da shi ɗaki, wata na'ura mai sanyi ta tattara shi kamar raɓa, a tace a sha.

Rashawa a nasu ɓangaren suka sa wa tasu suna Vozdukh, ma'ana iska kawai. Wannan suna ya fi kwanta mini, don abin da mutum ke bukata ya ambata, kuma ɗan sama jannatin da ƙararrawa ta tasa daga barci zai iya furta shi ba tare da ya tsaya tuna haruffa ba.